Tafiya Kainji don sanin garkuwar jikin tarwaɗa

Daga Mokwa muka karya zuwa New Bussa, garin da aka gina wa mutanen tsohuwar Bussa sa'ad da aka datse Kogin Kwara a 1968 ruwa ya ci garinsu. Nan cibiyar binciken kifi ta ƙasa take. A bakin tafkin Kainji masunta na ta sauke karfasa da giwan ruwa, amma ba sayayya ta kawo ni ba. Tarwaɗar da 'yan uwana ke kiwo a gida ce ke yin gyambo tana mutuwa.

A wata gonar kifi da ke gefen gari na sami wata malamar kimiyya. Ta tsaga tarwaɗa guda, ta nuna mini wani jan nama can kusa da kai. Ƙodar gaba ke nan. Kifi ba shi da ɓargo irin namu, a nan jininsa ke tsirowa. Da ƙwayar cuta ko wani baƙon abu ya huda fata, fararen ƙwayoyin jini sai su yi rububi zuwa wurin, su haɗiye shi, su narkar. Abin da ya ƙi narkewa a kwashe shi zuwa saifa da ƙoda a tara. Ta sa na leƙa madubin awo, na ga ɗigo-ɗigon duhu a saifar, kamar juji a bayan gari. Yawansu kan nuna irin ƙazantar da kifin ya sha.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yauƙin jikinsa, wanda muke gogewa da toka kafin girki. Cikin yauƙin akwai sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta. Duk kamun gangancin da ya kankare shi ya buɗe wa cuta ƙofa. Sanyin hunturu ma na rage wa garkuwar kuzari, domin zafin jikin kifi na ruwansa ne.

Na tambaye ta wane magani zan saya. Ta ce, "Malam, fara gyara ruwan."

Gaskiya ta faɗa. Masu kiwo, ku rage cunkoso, ku riƙa sauya ruwa, ku kama kifi a hankali, kada ku zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta sai likitan dabbobi ya duba.