Labarin Filin Tseren Karnuka Na Belle Vue A Mancesta

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani wuri da na ziyarta a ƙasar Ingila, gama na ga akwai abin lura a cikinsa.

Wurin yana birnin Mancesta, garin nan da ya yi suna wajen saƙa, wanda tufafinsa suka daɗe suna shiga kasuwanninmu. A gabashin birnin akwai unguwa wai ita Gorton. Nan aka yi wani babban lambun shaƙatawa mai gidan namun daji, ana ce da shi Belle Vue, wato "kyakkyawan gani" da Faransanci. An buɗe lambun a 1836, aka rufe gidan namun a 1977. A gefensa ne aka gina filin tseren karnukan da nake nufi, shi ma ya ɗauki wannan suna.

Karnukan da ake sa wa tseren nan ba irin na tsaron gida ba ne. Dogaye ne sirara, masu shafaffen ciki da faɗin ƙirji. Wanda ya san karnukan farautar Buzaye na ƙasar Azawak, to, ya ga kamanninsu. In suka miƙe da gudu sukan yi mil 40 a sa'a. Tun zamanin da Turawa suna sakinsu a bayan zomo a daji, su yi kallo. Sai wani Ba'amurke, Owen Patrick Smith, ya ƙago zomon ƙarya wanda inji ke ja a kan ƙarfe yana kewaya fili, aka fara aiki da shi a Kaliforniya a 1919. Daga nan wani ɗan kasuwar Amurka, Charles Munn, ya kawo dabarar Ingila, ya haɗa kai da Birgediya Janar Alfred Critchley da waɗansu, suka kafa kamfani, suka gina filin Belle Vue. Shi ne na fari irinsa a duk ƙasar.

Ran 24 ga Yuli, 1926, aka yi tseren farko, mutum wajen 1,700 suka hallara. Wani kare mai suna Mistley ya cinye, ya yi yadi 440, wato rubu'in mil, a daƙiƙa 25. Kafin 'yan makonni, masu zuwa sun zama dubbai a kowane dare. Shekara na kewayowa aka buɗe wani a White City ta Landan, sa'an nan abin ya bazu gari gari kamar wutar daji.

Ga yadda ake yi. Akan sa karnuka, galibi shida, kowanne a cikin akwatinsa, da takunkumi a baki da 'yar riga mai launi da lamba. Zomon ƙarya ya taho a guje, yana giftawa sai ƙofofi su buɗe gaba ɗaya, karnuka su yi tsalle su bi shi. Kafin ka ce kwabo an gama. Mai riƙe da injin yana lura, ko yaushe zomon yana gabansu kaɗan. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma waɗannan bayin Allah kullum su ci gudu, zomo kuwa ko gashinsa ba su taɓa ba.

To, jama'a, me ya tara mutane haka? Mai karatu zai zaci son karnuka ne. Akwai wannan, amma ginshiƙin abin caca ce. A wancan zamani dokar Ingila ta hana cacar tsere da tsabar kuɗi a kan titi, sai a filin tsere. Filayen sukuwar dawaki kuwa suna nesa, da rana ake yi, lokacin da leburan masaƙa yake bakin aiki. Na karnuka ga shi cikin gari, da dare ake yi a hasken lantarki, kuɗin shiga kaɗan. Mutum ya tashi aiki, ya hau mota, ya je ya zuba sulensa a kan kare.

Abin da ya ɗaga filin shi ne kuma ya kayar da shi. A 1960 aka sake doka, a 1961 aka buɗe kantunan caca a unguwanni. Mai son caca ba ya bukatar fita cikin sanyi. Daga baya talabijin ya kawo tseren har cikin kantin, wayar hannu kuma ta kai shi har kan gado. 'Yan kallo suka yi ta raguwa, ƙasar da filayen ke kai kuwa tana ta tsada. Aka rufe White City a 1984, Walthamstow a 2008, Wimbledon a 2017. Ban da wannan, masu tausayin dabbobi suka riƙa tsayawa a ƙofar Belle Vue suna ƙorafi, don karnuka sukan karye a kwana, kuma karen da ya kai shekara huɗu ko biyar ƙarfinsa ya ragu, sai an nema masa mai riƙo.

A Disamba 2019 hukumar birni ta yarda a gina gidaje a wurin. Annobar korona ta zo a 2020 ta ƙarasa shi, aka rufe bayan shekara 94, aka rushe a 2021. Da na bi titin Kirkmanshulme, inda ƙofarsa take a da, ban ga rumfar 'yan kallo ko fitilun tsere ba, sai sababbin gidaje a jere.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, an rushe filin amma cacar tana nan, masauki kawai ta sake. Yau ga ta a aljihun samarinmu, suna zuba kuɗin cefane a kan ƙwallon da ake bugawa a wata ƙasa. Malamai da akawuna 'yan'uwana, ku da yara ke jin maganarku, ku ba su labarin zomon Belle Vue. Mai injin ba ya barin a kama shi, gama ran da aka kama, ran nan kasuwarsa ta watse.

Allah ya ba mu wadar zuci, ya sa albarka a cikin guminmu, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu.