Jiniyar Gidana Da Haƙurin Maƙwabta

Kwanan baya muna zaune a majalisa bayan sallar isha'i, wani ɗan'uwa ya tambaye ni labarin akwatin nan mai fitila da ya gani manne a bangon gidana, yana son ya sa irinsa. Na fara ba shi amsa sai na ga maganar ta fi ƙarfin hirar bakin titi, shi ya sa na ce bari in rubuta, ko Allah zai sa wani ya tsira daga kunyar da na sha.

Kamar da yawa daga cikinmu, tsadar haya ce ta koro ni daga cikin birnin Abuja, na tattaro iyalina muka dawo Kuje, inda daga baya Allah Ya hore mani ɗan fili na gina. Ni mutumin Bichi ne, kuma a nan ba ni da dangin iya balle na baba. Maƙwabtana akwai Gwarawa da Gade, waɗanda su muka tarar a ƙasar, akwai Ibo da Yarbawa, sai 'yan'uwa Hausawa jefi-jefi. Muna nan bama-bamai suka tashi a Kuje da Nyanya ranar 2 ga Oktoba, 2015. Muna nan kuma aka riƙa jin labarin satar mutane ta wajen Pegi. To amma abin da ya fi girgiza ni shi ne daren Talata 5 ga Yuli, 2022, kwana huɗu kafin babbar sallah, lokacin da aka fasa gidan yarin Kuje, fursunoni sama da 800 suka fice. Duk wanda ya kwana a garin nan ya san yadda muka ga wayewar gari. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sallah na wucewa na nemo mai haɗa na'urar ƙararrawa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin kashi huɗu ne. Akwai uwar na'urar, wato akwatin da ake ɓoyewa a cikin gida, da batirinta a ciki. Akwai allon lambobi da ake mannawa kusa da ƙofar shiga, nan ake danna lambar sirri a kunna ko a kashe. Akwai 'yan rahoto iri biyu: maganaɗisun da ake sa wa ƙofa da taga, wanda da zarar an buɗe zai sanar da uwar, da kuma ido da ake kafawa a kusurwar ɗaki, mai gane motsin duk wani abu mai ɗumin jiki. Sai na huɗu, jiniya, ƙarama a cikin gida, babba a waje tare da fitila mai walƙiya.

Da yaron ya gama haɗawa ya tambaye ni yadda nake so a saita ta, ban tsaya wani tunani ba na ce masa, "Ka ƙure komai. Ina son in ta yi kuka a ji ta har kasuwa." Ya yi dariya ya ƙure. Nan na tafka kuskurena.

Kwana uku da sa ta, na tashi sallar asuba da magagin barci, na zare sakata na buɗe ƙofa, na manta ban danna lamba ba. Jama'a, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Kafin in lalubo lambar, layinmu ya cika. Wani da gora, wani da adda, 'yan sintiri na busa usur, mata na leƙe ta taga, yara na kuka. Ku tuna wata ɗaya ke nan da fasa gidan yari, zukata ba su kwanta ba. Wani dattijon Bagware da gidansa ke kallon nawa, wanda duk layin muke ce wa Baba, ya fito ko riga babu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, suka yi dariya suka watse.

Karo na biyu mahaifiyata ce ta zo ganin jikoki. Sun dawo daga unguwa da rana ita da ƙanwata, ba kowa a gida. An ba su lambar, amma daƙiƙa 15 kacal aka ba mai shiga ya kashe na'urar, ga allon na ta tsiwa yana ƙirga lokaci, hannun yarinyar ya ɗauki rawa ta danna ba daidai ba. Jiniya ta ɗauka. Wannan karon mutum huɗu suka fito. Da na dawo Hajiya ta dube ni ta ce, "Yanzu kai gidan naka sai an yi hadda kafin a shiga?" Ban sami abin cewa ba.

Karo na uku shi ne ya sa ni a hanya. Mun yi tafiya gida gaba ɗaya, ashe an bar tagar kicin a ɗan buɗe, kuma ba a sa mata maganaɗisu ba. Cikin dare mage ta shigo ta gifta gaban idon falo. Jiniya ta yi ta kuka, ta tsaya, ta sake ɗauka, har gari ya waye. Na dawo ina jiran a yi mani faɗa, sai na tarar da abin da ya fi faɗa ciwo: ba wanda ya ko leƙo. Na je gaida Baba, ya ce mani, "Malam, mun ji ta. Na ce wa yara su kwanta, na'urar Malam ce ta tashi da rigimarta." Ya yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Ran da ɓarawon gaske zai zo, haka za mu ce."

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na gane cewa jiniya ba ta kama ɓarawo, ba ta da hannu ba ta da ƙafa. Ihu kawai take yi a madadina, kuma ihu ba shi da amfani sai da mai kawo ɗauki. A garinmu in na yi kuwwa, 'yan'uwan jini ne za su fito ko sau goma ne. A nan kuwa wanda zai baro shimfiɗarsa ƙarfe biyun dare ya tunkari abin da bai sani ba saboda ni, alheri kawai yake yi mani, kuma cikin wata biyu na ɓarnatar da alherin nan a kan mantuwa da mage.

Na kira yaron ya dawo, muka shimfiɗa tabarma da littafin na'urar, muka bi ta daki-daki.

Muka fara da jiniya. Na sa ya rage lokacin kukan ta waje zuwa minti uku, in ta yi shiru fitilar ta ci gaba da walƙiya don a gane gidan. Ya kuma saita ta yadda in ido ɗaya ya tayar da ita sau biyu, za ta daina sauraronsa har sai an zo an duba. Ashe ma a Ingila, wata dokar 2005 ta ba ƙananan hukumomi ikon zuwa su kashe ƙararrawar da ta haura minti 20 tana kuka ba tsayawa, in tana damun jama'a. Su doka ta tsawata masu, mu kunya ya kamata ta tsawata mana. Ƙananan matsaloli kuma, kamar batiri ya yi sanyi, muka mayar da su kan allon lambobi kaɗai, ba ruwan unguwa da su.

Sai allon lambobi. Lokacin shiga muka mayar da shi daƙiƙa 45, bayan na sa uwargida ta gwada shigowa da goyo da kaya a hannu muna duba agogo. Shawarata ke nan ga kowa: a auna da wanda ya fi kowa nawa a gidan, kada a auna da maigida. Muka saita kunnawa iri biyu. In za a fita gaba ɗaya, a kunna komai. In dare ya yi ana ciki, a kunna ƙofofi da tagogi kaɗai, idanun cikin gida su huta, don mai zuwa banɗaki ko mai tashi sahur ya yi zirga-zirgarsa. Ƙofar da nake fita masallaci kuma muka ba ta jinkiri, in na buɗe allon zai fara yi mani gargaɗi a hankali kafin jiniya ta tsoma baki. Muka kashe ƙarar da allon ke yi duk sa'ad da aka ɗauke wuta, domin kuwa an ƙera waɗannan na'urori ne a ƙasashen da ɗaukewar wuta labari ne, mu kuwa abincin yau da gobe ne.

Lambar sirri ma akwai gyara. Da yawa daga cikin na'urorin nan da 1234 suke zuwa daga kamfani, kuma mutane kan bar ta haka. A canza ta ranar farko. Kowane babba a gidan a ba shi tasa lambar, ta baƙo daban, in ya tafi a goge. A riƙa canzawa lokaci-lokaci, saboda maɓallan da ake yawan dannawa kan koɗe su tona asiri. Tawa tana da lambar tilas, wadda in an tsare mutum aka ce ya kashe na'urar, zai danna ta ta yi kamar ta mutu, alhali ta aika saƙo a ɓoye zuwa wayoyin da aka ajiye mata. Wannan sai in an sa mata layin waya, kuma a tuna a riƙa zuba masa kuɗi kada a rufe shi. Batirin cikin uwar mai bolt 12 ne, zafi da yawan ɗauke wuta na saurin cinye shi, don haka na jona tawa da inbata, kuma nakan gwada ta duk wata.

Na ƙarshe ita ce 'yar ƙararrawar da ni nake kira mai sallama. Ita ba ta tsaro ba ce kai tsaye. Da rana, lokacin da na'urar ke kashe, in an buɗe ƙofa sai allon ya yi 'yar ƙara sau biyu. Da farko kowace ƙofa an sa mata. To gidan Bahaushe ne: mai ruwa ya shigo, almajiri ya zo ɗaukar kwano, 'ya'yan maƙwabta, masu kitso, ga yarana sun mai da ita abin wasa. Uwargida ta ce, "Malam, ko dai ka cire abin nan ko in koma tsakar gida da zama." Har ta kai kunnenmu ya daina jin ta, wanda shi ne dai ciwon da ya kama maƙwabta game da jiniya. Muka cire ta daga ko'ina sai wuri biyu: ƙaramar ƙofar get da ƙofar baya. Yanzu in ta yi ƙara kowa na ɗaga kai. Ita ce ma ta tona autanmu ran da ya fara iya buɗe get ya nufi titi, inda 'yan acaɓa ke wucewa a guje.

Nakan tuna gidanmu na Bichi. Zaure ne ƙararrawarmu, kakanmu na zaune a ciki, ba mai wuce shi sai da sallama. A nan mun gina katanga mai tsawo, mun ɗora mata waya mai ƙaya, mun manta da zaure, sai ga shi muna sayen sallama da kuɗi.

Da muka gama, na ɗauki goro da lemo na zaga layin gida-gida, na fara da Baba. Na ba da haƙuri, na gaya masu ranar Asabar da hantsi zan gwada ta na 'yan daƙiƙu, kada kowa ya firgita. Muka yi musayar lambobin waya da su da shugaban 'yan sintiri, muka yi alkawari: in ta yi kuka bisa kuskure, ni zan fara kira in ce lafiya; in ba a ji daga gare ni ba, to a fito, kuma a kira jami'an tsaro. Na sa lambar Baba cikin waɗanda na'urar ke aika wa saƙo, da izininsa. In za mu yi tafiya kuma nakan bar makulli da lambar baƙo a hannunsa. Tun daga lokacin sau ɗaya ta yi kukan banza, kuma kafin in kai ga allon wayata ta yi ƙara, Baba ne yake tambaya ko lafiya. Wallahi daɗin da na ji ya fi ƙarfin kuɗin na'urar.

Don haka ɗan'uwana mai tambaya, in kana da hali ka sa, rigakafi ya fi magani. Amma kafin ka ce wa mai haɗawa ya ƙure komai, fita ka dubi ƙofofin da ke kallon taka, ka tambayi kanka mutum nawa ne a ciki suka san sunanka. In ba su kai uku ba, fara da gaisuwa tukuna.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya zaunar da garin Kuje da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mun sake haɗuwa.