Hannun da ba ya karkarwa

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wani ɗalibina na ajin ƙarshe ya shigo ofishina riƙe da alluna biyu na lantarki. Zanensu ɗaya ne, na wata 'yar na'ura da ya ƙirƙira domin ta riƙa kashe injin rijiyar burtsatse idan tanki ya cika. Na farkon da hannunsa ya haɗa shi a ɗakin gwaje-gwajenmu: ya tsoma farantin tagulla a sinadari, ya huda ramuka, ya narka dalma ya liƙa kayan ɗaya bayan ɗaya, har mako uku. Na biyun kuwa zanen kawai ya tura ta intanet zuwa wata masana'anta a birnin Shenzhen na ƙasar Sin, aka aiko masa da guda biyar a kwali, sumul, kamar an lashe. Ya ajiye su a kan teburina ya ce, "Malam, in haka ne, mu me muke koyo?"

Na ba shi irin amsar da malami kan bayar idan an ƙure shi. Bai gamsu ba, ni ma ban gamsu ba.

Mai karatu ya san allon nan ko da bai san sunansa ba. Shi ne koren farantin da ke cikin waya da rediyo da mitar wuta, wanda masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ke kira fanel. Wani injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, Paul Eisler, shi ya sa irinsa cikin rediyo a Ingila a 1936, kuma shekaru da dama bayan haka yatsun ma'aikata ne ke jera kayan da ke kansa. Yau a masana'antu irin na Shenzhen aikin ya koma hannun mutum-mutumi, ko da yake ba su da kai ko ƙafa. Hannuwa ne na ƙarfe masu idon kyamara. Wani inji ya shafa kullun dalma daidai inda ake so, wani ya tsotso ƙananan kayan da iska ya dasa su, dubun-dubatai a cikin awa guda. Wasu kayan tsawonsu bai kai rabin milimita ba, ƙwayar gero ta ninka su girma sau da yawa. Daga nan allon ya ratsa tanda mai zafin da ya kai maki 240 a ma'aunin Salshiyos, dalmar ta narke ta kama. Sai kyamara ta duba kowane liƙi, inda ido ba ya kaiwa kuma a haska da na'ura irin ta ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Babu yatsan da zai iya wannan, komai ƙwarewar mai shi.

Abin da ya dame ni a nan tsohon fatanmu ne. Mun daɗe muna gaya wa kanmu cewa idan albashi ya yi tsada a Sin, masana'antun lantarki za su kwaso kayansu su zo inda matasa suke da yawa, ƙwadago kuma yake da araha. A 2011 shugaban kamfanin Foxconn, Terry Gou, ya yi shelar zai girke mutum-mutumi miliyan ɗaya cikin shekara uku. Bai cika alƙawarin a wa'adin ba, domin har yanzu akwai aikin da hannun ɗan Adam ya fi iyawa, kamar saƙala waya mai laushi a matsattsen wuri. Amma a 2016 rahotanni sun ce wata masana'antar kamfanin a Kunshan ta rage ma'aikata daga 110,000 zuwa 50,000. Wato hajar da muke shirin kaiwa kasuwa, masu saye sun fara juya mata baya tun ba mu ɗaura kaya ba.

Injin ba ya neman araha. Wuta yake nema wadda ba ta ƙiftawa, don in aka ɗauke ta alluna na cikin tanda, asara ta tabbata. Yana son ɗaki mai tsabta, wanda ƙurar hunturu ba ta shiga. Fiye da komai yana son mutumin da zai tsara masa aiki, ya gane ciwonsa idan ya fara dasa kaya a karkace. Wannan mutumin ya kamata a ce ni nake yaye shi, kuma a gaskiya yawancin ɗalibaina ba su taɓa ganin irin wannan inji ba sai a bidiyo. Abin takaici ma, dalmar da ake liƙin da ita yawancinta kuza ce, ma'adinin da ya gina garin Jos. Mun haƙa mun sayar, yanzu muna sayen sa a cikin waya.

Ban yarda a daina koyar da liƙin hannu ba. Wanda dalma ba ta taɓa ƙona shi ba, da wuya ya gane abin da ke faruwa a cikin tanda. Amma bana na sauya darasina: kowane ɗalibi sai ya yi zanen da inji zai iya karantawa, ya bar tazarar da ake bukata tsakanin kaya, ya sa alamomin da kyamara ke daidaita kanta da su, ya kuma lissafa kuɗin haɗa guda dubu. Wasu abokan aikina na ganin na fita daga manhaja. Wataƙila suna da gaskiya a takarda.

Shi kuwa ɗalibin nan, da muka jona allunan Shenzhen, ko ɗaya bai yi aiki ba. Sai da muka kwana biyu muna bin sawu kafin muka gano cewa a zanen da ya tura ya juya kan wani ɗan ƙaramin abu da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. A allon hannunsa ya lura ya gyara tun yana liƙi, ya manta bai gyara a kwamfuta ba. Injin ya bi umarni, ya dasa shi a juye sau biyar. Ya ɗauko ƙarfensa na dalma ya zauna, ya ɓamɓare su ɗaya-ɗaya ya juya. Ɗaya daga cikinsu ne yanzu ke kula da tankin masallacin unguwarsu.