Gida Ɗaya da Ya Zama Uku

A ƙasar Ingila, a yankin Essex, akwai wani ƙaramin gari mai suna Coggeshall, tsakanin Braintree da Colchester. A bakin babban titinsa akwai wani gidan bene na katako wanda ya haura shekara 500 yana tsaye. Sunansa gidan Paycocke.

Thomas Paycocke attajiri ne mai cinikin tufafin ulu. Wajen shekara ta 1509 ya gyara gidan, ya yi masa sabuwar fuska saboda aurensa da Margaret. Har yau baƙaƙen farko na sunayensu suna nan a sassaƙe jikin katako, tare da siffofin ganyaye da furanni.

A wurinmu bango shi ke ɗauke da rufin ɗaki. A wannan gida kuwa ba haka ba ne. Kafintoci sun fara haɗa ƙashin gida da manyan gumagumai na itacen oak. Sukan feƙe bakin wannan, su huda cikin wancan, su cusa ɗaya cikin ɗaya, sa'an nan su kafe su da turakun itace. Bayan ƙashin ya tsaya ne aka cike tsakanin ginshiƙai. A fuskar gidan an jera ginshiƙan kusa da kusa, fiye da yadda ginin yake bukata, domin mai wucewa ya san maigidan yana da kuɗin katako. Benen kuma ya ɗan turo gaba bisa titi. A gefe ɗaya akwai babbar ƙofa inda kekunan doki suke shiga da kaya.

Thomas ya rasu a 1518. Cikin wasiyyarsa ya tuna da ekklesiyar garinsu, da matalauta, da masaƙan da suka yi masa aiki. Daga baya gidan ya koma hannun iyalin Buxton. Sa'ad da cinikin ulu ya mutu a garin, gidan ya rasa mai iya riƙonsa shi kaɗai. A ƙarni na 19 an raba shi uku, aka sa 'yan haya. Aka gitta bango cikin manyan ɗakuna, aka rufe yawancin sassaƙar da yaɓe.

Da muka zaga ɗakunan, abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, duk wannan rabo bai rushe gidan ba. Gama nauyinsa ba a kan bangayen da aka ƙara yake ba, yana kan ginshiƙan farko. Katakon da ya rufa wa attajiri asiri, shi ne ya rufa wa talakawa gida uku. A 1904 Noel Buxton ya sayi gidan, aka cire bangayen, aka kankare yaɓen, sassaƙar ta sake fitowa. A 1924 ya miƙa shi ga ƙungiyar National Trust, wadda take lura da shi har yanzu.

Ya ku masu karatu, mu ma mun san rabon gida. Uba ya rasu, 'ya'ya su ja katanga a tsakar gida, kowa ya huda tasa ƙofa. Wani lokaci hakan ya zama dole, ba laifi ba ne. Amma a waɗansu gidaje katangar takan wuce tsakar gida ta shiga zuciya, har 'yan'uwa su daina gaisawa ko a bakin majami'a. Ku karanta 1 Korantiyawa sura 3 a taron addu'ar iyali, inda Manzo Bulus ya yi magana a kan harsashi da abin da kowa yake ginawa a kai. Iyalin da Yesu Almasihu yake ɗauke da nauyinsu suna iya raba ɗakuna da tukunya, su zauna gida ɗaya duk da haka. Ubangiji ya kiyaye gidajenmu, amin.