Keken Haya a Disney: Abin da Na Gani a Orlando

Duk wanda ya nufi Walt Disney World, kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, to ya san ƙafarsa za ta sha aiki. An buɗe wurin a 1971, kuma yau yana da manyan wuraren shaƙatawa huɗu: Magic Kingdom da Epcot da Hollywood Studios da Animal Kingdom. Zagaya tafkin Epcot kaɗai, inda aka jera gine-ginen ƙasashe 11 har da na Maroko, tafiya ce ta kusan kilomita 2. Ga zafi mai sa gumi, ga dogon layi a bakin kowane wasa. Ko matashi sai ya ji a jikinsa, balle tsoho.

Tare da gwaggona muka je, kuma ciwon gwiwa ya daɗe yana damun ta. Da na kawo maganar hayar keke, sai ta murtuke fuska.

"Kai yaro, gurguwa ka mai da ni?"

"A'a Gwaggo, Allah Ya kiyaye. Ai ko a Harami kin ga masu lafiya suna hawa don ɗawafi da sa'ayi."

Ba maganata ce ta shawo kanta ba. Abin da ta gani a bakin ƙofa ne: tsofaffi maza da mata, wasu da jikoki a gefe, kowa na tuƙa kekensa yana raha, babu mai kallon wani.

Da zarar ka wuce ƙofa za ka tarar da wurin haya. Keke iri biyu ne. Akwai keken guragu na turawa, wanda a lokacin da muka je dala 12 ne a yini. Akwai kuma mai batir, dala 65 a lokacin, da ajiyar dala 20 da ake mayar maka in ka dawo da shi. Wannan sai wanda ya kai shekara 18 ake ba, kuma sai ya nuna katin shaida mai hoto. Ba a kama wa mutum tun daga gida. Wanda ya riga zuwa shi ke samu, shi ya sa ranar cunkoso masu batir kan ƙare tun da hantsi.

Sai dai keken da ka karɓa a ciki ba ya fita waje. Daga ƙofa zuwa wurin hawa bas, ko daga bas zuwa ɗakin otal, tafiya ce mai tsawo, kuma a ƙarshen yini ake yin ta, lokacin da gwiwa ta gama gajiya. Don haka iyalai da yawa suka fi son kamfanonin cikin gari, masu kawo keken har otal su bar maka shi iya kwanakinka. A lissafin mako ya fi araha, amma cajin batir kowane dare ya zama aikinka. Bas ɗin Disney yana da gadar da ake saukewa, direba ya fara shigar da mai keke, ya ɗaure keken, sannan sauran jama'a su hau.

Tuƙin mai batir ba wuya. Akwai maɓallin gudu mai hoton kunkuru a gefe ɗaya, zomo a ɗaya gefen. Cikin cunkoso kunkuru ne abokin tafiya, domin yara na gilmawa ba sanarwa. Gwaggo ta ƙware kafin azahar, har ta riƙa barin mu a baya tana cewa mu ɗaga ƙafa.

Kada wani ya zaci keke hanyar tsallake layi ce. Yawancin layukan an faɗaɗa su, mai keke na jira kamar kowa. A wasu wasannin dole ka sauka ka koma kujerar wasan. A wasu kuma, kamar motar kallon namun daji ta Kilimanjaro Safaris, akwai gurbin da keken turawa ke shiga da mai shi.

Wannan tsari ba tausayi kawai ya haife shi ba, akwai doka a bayansa. A 1990 Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa wuraren hulɗar jama'a su buɗe hanya ga masu buƙata ta musamman. Mu ma a Najeriya an sa hannu a irin wannan doka a 2019, amma je ka duba matakalar bankuna da ma'aikatu da gidajen biki.

Ga mai shirin tafiya da iyaye, shawarata ita ce ya sa kuɗin keke cikin lissafi tun kafin ya sayi tikitin jirgi. Bai kamata ciwon ƙafa ya zama dalilin barin tsoho a ɗaki yana jiran a dawo a ba shi labari ba.