Kada mu tsaya a bakin teku

Kusan duk yaron da ya tashi a gidan Kirista ya san labarin Musa: jariri cikin kwando a bakin kogin Nilu, kurmi mai cin wuta, annoba 10, sai teku ya dare gida biyu. Mun ji shi a makarantar Lahadi, mun gan shi a fim, wasunku ma suna haddace shi saboda jarrabawar WAEC. Amma ji daban, karatu daban. Littafin Fitowa sura 40 ne, a sura ta 14 aka ƙetare teku, saura 26 ke nan da ba kasafai ake leƙa su ba. Ina koyar da matasa a cocinmu a nan Unguwar Rimi, kuma kullum ina matsa wa ƙannena su karanta littafin har ƙarshe. Ga dalilina. Abokanmu Musulmi, ku ma kada ku juya shafi, domin labarin Annabi Musa da Fir'auna ba baƙonku ba ne.

A 1807 an buga wani Littafi Mai Tsarki a Landan domin bayi baƙar fata da ke noman rake a tsibiran Karebiyan, waɗanda Ingila ke mulka. Ba cikakke ba ne. Daga cikin sura 1,189 da muka sani, 232 kaɗai aka bari. An bar labarin Yusufu, bawan da ya yi wa ubangidansa aiki da aminci. An bar Dokoki Goma. Amma yadda Allah Ya ji kukan bayi a Masar, Ya fitar da su, an yanke shi gaba ɗaya. Masu gonakin sun san abin da zai biyo baya idan bawa ya karanta cewa Allah na tare da mai kwaɓa tubali a rana, ba da mai riƙe da bulala ba. Kuma tsoronsu bai tashi a banza ba. A Amurka, Harriet Tubman ta tsere daga bauta a 1849, ta riƙa komawa a ɓoye har ta fitar da mutum kusan 70. Laƙabin da mutanenta suka sa mata shi ne Musa.

Ba a ƙasashen waje kaɗai littafin ya haɗu da bayi ba. Akwai wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda aka kama aka sayar yana ƙarami. Turawa matafiya suka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth har Ingila, inda ya zauna da wani mai bishara, James Schön, yana koya masa Hausa. A shekarun nan ne Schön ya fassara Fitowa zuwa Hausa, aka buga shi a 1859, tun kafin Likita Mila na Wusasa da abokan aikinsa su kammala cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Wato Hausar da aka fara fassara littafin nan da ita, daga bakin 'yantaccen bawa aka koye ta. Kada kuma ku ɗauka zancen bauta na zamanin da can ne, sai a 1936 doka ta soke ta kwata-kwata a Arewacin Najeriya. Akwai tsofaffin da aka haifa kafin nan suna raye.

To, amma babban dalilina yana nan gida Kaduna. Bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, garinmu ya rabu. Kiristoci da yawa suka ƙetare gada zuwa Sabon Tasha, Narayi da Television, Musulmi kuma suka taso zuwa Tudun Wada, Rigasa da Kawo. Mu dai mahaifina ya ce ba inda za shi, a nan muka girma. Duk lokacin da na je wajen dangi a hayin kogi, nakan ji yara suna magana kamar su ne Isra'ilawa, kogin Kaduna ne Bahar Maliya, mutanen da suka baro a wannan gefen kuma su ne Masarawa. Wanda ya tsaya a bakin teku, haka zai karanta labarin, shi ne mai gaskiya, maƙwabcinsa ne Fir'auna.

Littafin kuwa bai yarda da wannan ba. Dubi sura ta farko. Abin da ya sa Fir'auna ya fara zalunci tsoro ne: mutanen nan sun yi yawa, idan yaƙi ya tashi za su juya mana baya. Ku gaya mini, wane gefen kogi ne ba a faɗin irin wannan maganar? Na ji ta a teburin mai shayi a Kawo, na ji ta a bakin coci a Barnawa. Sannan dubi waɗanda suka ceci Musa. Ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, suka ƙi bin umarnin sarki na kashe jarirai maza. Wadda ta tsamo shi daga ruwa ta raine shi, 'yar gidan Fir'auna ce. Da ya gudu, Yetro firist na Madayana, wanda ba Ba'isra'ile ba ne, ya ba shi masauki da mata, daga baya ma a sura ta 18 ya koya masa yadda zai raba aikin shari'a kada ya kashe kansa da gajiya. Sura ta 12 ta nuna cewa a daren fita, tarin mutanen wasu kabilu sun bi su.

Ina aji biyu na sakandare lokacin da maƙwabciyarmu, wadda duk muke kira Inna, ta aiko mana da tuwo da nama a daren cika-ciki. Da na mayar da kwano na tambaye ta dalilin azumin da suke yi a wannan lokaci. Ta ce, "Ɗana, ai ranar 10 ga Muharram ce Allah Ya tserar da Annabi Musa da mutanensa daga Fir'auna, shi ne muke godiya." Ashe a gidan da ake ce mini Masar ne, azumi ake yi don murnar wannan fita.

Yanzu ga surorin da ake tsallakewa. Bayan teku, mutanen nan sun yi gunaguni, sun tuna tukwanen naman Masar, har sun ƙera ɗan maraƙi na zinariya. Fita daga Masar dare ɗaya ta ɗauka, fitar da Masar daga zuciyarsu ita ce doguwar tafiya. Shi ya sa aka ba su dokoki, kuma da yawansu kan yadda mai ƙarfi zai bi da marar ƙarfi ne. Sau biyu, a sura ta 22 da ta 23, an hana su cutar da baƙo, dalilin kuwa su ma sun ɗanɗani baƙunci. Idan ka karɓi mayafin talaka jingina, ka mayar masa kafin faɗuwar rana, don da shi zai rufa. Sura ta 21 ta yanke hukuncin kisa ga mai satar mutum ya sayar. Mu da muka ga yadda aka kwashe ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris 2021, da na makarantar Bethel Baptist a Yulin shekarar, ba mu buƙatar a fassara mana wannan ayar. Gaskiya ne, surar ta kuma ƙyale a riƙe bawa Ba'ibrane shekara 6 kafin a sake shi a ta 7, kuma masu bayi sun fake da irin waɗannan wurare. Kada ku tsallake su, ku kai wa fasto ko malaminku tambaya, ku matsa sai ya amsa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce dokar Asabar a sura ta 20. Hutun ba na maigida kaɗai ba ne, an ambaci bawa, baiwa, baƙo, har da dabba. A gidaje da yawa a Malali da Unguwar Rimi, na Kirista da na Musulmi, akwai yarinya da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin za a sa ta makaranta. Ita ke tashi ƙarfe 5 ta ɗora ruwan wankanka, ita ke goge maka kayan makaranta, kana fita ta shiga wanke-wanke. Ranar Lahadi kowa ya tafi sujada a ji yadda Allah Ya 'yanta bayi, ita tana gida tana gyaran shinkafa. Makon jiya na tambayi ɗalibaina 17 ko wa ya san ajin da 'yar aikin gidansu ta tsaya. Biyu ne suka ɗaga hannu.