Ƙasar Namakwa: Yahudawa ƴan koli a ƙasar jan ƙarfe

Can cikin Afirka ta Kudu, wajen arewa maso yamma, akwai wata ƙasa da ake ce ma Namakwa. Ƙasa ce ta duwatsu da faƙo. Ruwan sama kaɗan ne, kuma lokacin sanyi yake zuwa. In an samu ruwa, cikin watan Agusta da Satumba daji duka sai ya rufe da furanni, ba a daɗe su bushe. Mutanen asali na wurin su ne Nama. Makiyaya ne masu awaki da tumaki, ɗakunansu na tabarmi kamar na Buzaye.

Arzikin ƙasar yana ƙarƙashin duwatsu, shi ne jan ƙarfe. Turawa sun fara haƙarsa sosai a 1852, wurin da ya zama garin Springbok. Daga baya ramin Okip ya fi shi suna. A 1876 anka gama ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Okip zuwa Port Nolloth, bakin teku, wajen kilomita 150. Da farko alfadarai ke jan jirgin!

Inda ma'aikata sunka taru, dole a nemi mai sayar da sukari da allura. Bayan 1880 sai Yahudawa sunka fara isowa. Yawancinsu daga Lituwaniya sunka fito, ƙasar da ke hannun sarkin Rasha a zamanin. Talauci da tsanani sunka kore su. Saurayi ya sauka jirgin ruwa a birnin Keftawun, ba ya jin kowane harshe na ƙasar. Wani ɗan'uwa ya ba shi kaya bashi: zane, zare, wuƙa, madubi, magani. Ya ɗauka ya kama hanyar arewa a ƙasa, gida gida, yana kwana inda dare ya yi mishi. In ya samu riba, ya sayi jakkai da amalanke. Kuɗi ba su da yawa a ƙauye, saboda haka musanya ake yi da fatu da gashin tumaki. Wanda Allah ya taimaka sai ya gina kanti na kwano kusa da rami ko bakin mararraba, ya aika kuɗin jirgi matarsa ko ƙanensa su zo.

Wahalar kantin ƙauye ita ce bashi. Makiyayi yana ɗaukar gari da shayi, a rubuta cikin littafi, sai ya sayar da bisashe ya biya. A 1919 anka rufe ramukan jan ƙarfe, aiki ya tsaya shekara da shekaru. A 1932 da 1933 kuma anka yi babban fari, bisashe sunka mutu. Bashin kanti ya rayar da gidaje da yawa, amma ya ɗaure su. Shi ma mai kanti ana bin sa bashi a Keftawun. In makiyayi ya faɗi, shi ma ya faɗi. Waɗanda sunka fi kowa shan wuya su ne Nama, don an riga an ƙwace yawancin ƙasarsu, ladansu a rami kuwa bai taka kara ya karya ba.

Riƙon addini ma da wuya. Yahudawa ba su cin alade, suna da irin yankansu, kuma ibadarsu ta jam'i ba ta yiwuwa sai da maza 10. To, ina za a samu maza 10, kowa yana ƙauyensa? Sai ranar babban idinsu su rufe kantuna su taru a Springbok. A 1929 sunka gina ɗakin ibadarsu a garin.

A 1930 gwamnati ta yi dokar da ta rage masu shigowa daga ƙasashe irin Lituwaniya zuwa mutum 50 a shekara, zuwan ƴan'uwa ya ja baya. A wannan shekara kuma gwamnati ta janye motocinta na jigila daga Namakwa. Wani Bayahude na Springbok, Joe Jowell, da abokin aikinsa sunka mai da wata mota Buick kamyo, sunka shiga ɗaukar kaya. Wannan jigila ta girma har ta zama babban kamfani, wanda daga baya anka sa ma suna Trencor.

Ƴaƴan ƴan kolin sun shiga lakwal, sun zama lokotoro da lauya, sunka zauna manyan birane. Tsofaffi sunka sayar da kantuna sunka bi su. Ɗakin ibadar nan na 1929 yana nan tsaye a Springbok, an mai da shi gidan ajiyar kayan tarihi na Namakwa.